Shekarar da Aka Kawo Mana Akuya a Yanke

A Fegge aka haife ni, cikin wani gidan haya mai ɗakuna a jere da rijiya a tsakiya, ba nisa da kasuwar bakin kogi ta Anacha. Mutanen gidan duk Hausawa ne 'yan kasuwa, kuma duk Musulmi ne in ban da mu. Mu Katolika ne, asalinmu wani ƙauye a ƙasar Katsina. In mun je coci a ce ga Hausawa nan sun zo, in mun dawo gida a ce 'yan coci sun taso. Na girma ina jin haushin maganar nan ta kowane ɓangare, don ni tun ina ƙarama ba a taɓa ni in yi shiru. Baba kuwa dariya kawai yake yi, ya ce ai gida biyu ke nan Allah ya ba mu.

Baba wake da dawa yake sayarwa. Mai gidan da muke haya, wanda kowa ke ce wa Alhaji, dattijon Bakano ne mai fataucin albasa, shi ya sauki Baba lokacin da ya zo garin yana saurayi. Amincinsu ya girme ni. Alhaji yana kiran Baba da Liman, saboda ba ya fashin zuwa coci ko ana ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Baba yana ce masa Sarkin Fawa. Inna kuma tun ranar da aka kawo ta Alhaji ya sa mata Amarya, har ta yi furfura bai daina ba.

Sunan Sarkin Fawa yana da dalili. Kowane jajiberin Kirsimeti, da hantsi, Alhaji ne ke yanka mana akuya. Yawancin maƙwabtanmu ba sa cin nama in ba Musulmi ne ya yanka ba. Na sha jin ana gardama a kan haka a ƙofar gida, wannan ya ce ya halatta, wancan ya ce a dai bari. Baba bai taɓa sa baki ba. Shi dai so yake in kwanon Inna ya shiga ɗaki a ci abin da ke ciki da kwanciyar hankali. Sai ya ɗaure akuyar a bakin rijiya tun da safe, Alhaji ya fito da wuƙarsa a naɗe cikin tsohon tsumma, ba sai an kira shi ba. Baba ya kayar da akuya, a juya ta gabas, ya danne. Kafin a sa wuƙa sai Alhaji ya dakata, Baba ya zare hannunsa na dama ya yi alamar gicciye, goshi, ƙirji, kafaɗu.

"Liman, ka gama?"

"Na gama, Sarkin Fawa."

Sannan Alhaji ya yi bisimilla ya yanka. Washegari in mun dawo daga Mas, wato babbar addu'ar cocinmu, kwanukan shinkafa da miya su zaga gidan ɗaki ɗaki, da yamma su dawo, kowanne da ɗan wani abu a ciki, dabino ko sabulu ko ƙulli na gyaɗa. Da babbar Sallah kuma namu ɗakin ne ke cika da nama. Haka na buɗe ido na gani, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Baba ya rasu a watan Nuwamba, bayan jinyar da ta cinye ɗan abin da ke hannunmu. A maƙabartar coci aka binne shi, kamar yadda ya roƙa. Ibon cocinmu sun yi ta mamaki, don su gawa ko daga ina sai an kai ta ƙauye. Alhaji da mazan gidanmu sun raka mu, suka tsaya daga bakin ƙofar maƙabarta har aka gama.

Ƙanin Baba ya zo daga gida don gaisuwa. Daren da zai koma ba a yi maganar ba, sai da safe yana ɗaure jaka ya ce da Inna bayan sabuwar shekara mu tattara mu koma ƙauye.

"Yaya, zaman me za ki yi a garin mutane, daga ke sai 'ya mace? Mutanen gidan nan darajar mijinki kike ci a wurinsu. Yanzu ƙasa ta rufe idonsa, za ki gani."

Na so in ba shi amsa, Inna ta harare ni na haɗiye. Ita ba ta son tafiya. Mijinta yana kwance a nan, kowace Lahadi bayan Mas takan je ta cire ciyawa a kan kabarin ta yi masa addu'a. Amma maganar Baffa ta zauna mata a rai, kuma yadda mutanen gidan suka koma ya ƙara wa maganar ƙarfi. Matan gidan suna shigowa su ce ya haƙuri, su fita da sauri. Alhaji ya daina zolaya. Daga nesa yake gaishe ta, kansa a ƙasa, kuma tun ranar jana'iza bai sake cewa Amarya ba. Mun kasa gane ko girmama makoki ne ko janye jiki. Inna ta fara ɗaure kayanta cikin manyan jakunkunan buhu, tana ɗaurawa tana tsayawa. Wata rana ta ce da ni Kirsimeti ce za ta raba gardama. In kwanuka sun fita an karɓa kamar kullum, muna da wurin zama. In ba haka ba, Baffa ya yi gaskiya.

Cocinmu a makonnin jiran Kirsimeti yana da kyau ko ga mai baƙin ciki. An sa wa bagadi ƙyalle mai ruwan shunayya, kowace Lahadi a ƙara kunna kyandir ɗaya. Matasa sun gina ɗan garke da ciyawa a gefen bagadi, ga tumaki da jaki na yumɓu, ga komin dabbobi babu kowa a ciki, ana jiran ranar Kirsimeti da za a kwantar da siffar jaririn da ake bikin haihuwarsa. Baba ne ke kawo musu ƙaiƙayin dawa suna shimfiɗawa a garken. A shekarar ba wanda ya kawo, suka zuba garin katako. Na tsaya ina kallo, na ji kewarsa ta kama ni.

Matan zumunta na coci sun riƙe mu da gaske, wannan ba zan ɓoye ba. Shugabarsu, wata babbar mace mai murya kamar ta maza da zuciya mai taushi, ta ce kada mu damu da akuyar bana, zumunta za ta kawo. Inna ta ji sanyi. Ranar jajibere na share bakin rijiya tun da safe, na ɗaura igiya a turken da Baba ke ɗaure akuya.

Garin ya riga ya fara zama fayau, don Ibo da Kirsimeti kowa ƙauyensu yake nufa. Matan zumuntar ma a shirye suke da tafiya, suka biyo ta wurinmu a kan okada, fararen ɗankwali a kai. Biyu suka shigo riƙe da babban baho an rufe da leda. Shugabar ta yaye ledar a tsakar gida, a gaban kowa. Akuya ce, an yanka, an babbake, an wanke, an daddatsa tsaf.

"Mama, ndo," in ji ta, tana yi wa Inna sannu da yarensu. "We don kill am, wash am finish. No man for house, so make you just cook."

Wato sun tuna babu namiji a ɗakinmu, shi ya sa suka ɗauke mana wahalar yanka. Mu ba mu taɓa tunanin sai mun ce a kawo da rai ba, su kuma ba su taɓa tunanin kai wa gwauruwa aiki ba. Suka kewaye mu suka yi waƙa, suka yi addu'a mai tsawo. Inna ta durƙusa har ƙasa ta yi godiya. Matan gidanmu suna leƙe daga ƙofofinsu, kowa ya ga bahon.

Suna fita na fara faɗa. Na ce shekara nawa muna cocin nan ba su san yadda muke zaune ba? Na ce bari in bi su tasha in mayar musu da kayansu.

"Rufe min baki," in ji Inna. "Alheri suka yi."

Ta zauna a bakin ƙofa tana kallon naman. Sayen wata akuyar ya fi ƙarfinmu, mu duka mun sani. Ban taɓa ganin nama mai yawa haka a ɗakinmu ba, kuma ko tsoka ɗaya ba za ta shiga ɗakin maƙwabci ba.

Muna nan zaune Alhaji ya fito daga sashensa. Yana ciki lokacin da matan suka zo, an dai gaya masa an kawo akuya. Ya naɗe hannun riga, ga tsumman nan a hannunsa. Ba wanda ya kira shi. Ya nufi rijiya yana tafiyarsa ta tsufa, ya ga igiya a ƙasa babu komai. Ya waiwayo ya ga bahon. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe an riga an yanka," ya ce a hankali. "To, madalla. Allah ya sa albarka."

Ya juya. A bayansa na karanta abin da ya fahimta: Liman ya tafi, iyalinsa sun koma wa mutanensu na coci, ba a bukatarsa. Tausayinsa ya kama ni fiye da namu.

"Alhaji."

Tun rasuwar ban ji Inna ta ɗaga murya haka ba. Ya tsaya.

"Akwai zakara."

Zakaran Baba take nufi, wani tsohon ja mai faɗan tsiya, wanda ya addabi gidan da cara, ya sha saran ƙafata. Baba ya ƙi a yanka shi, da hannunsa yake ba shi tsaba in ya dawo kasuwa. Alhaji ya sha yi masa barazana da wuƙa don ya tsokani Baba. Bayan rasuwar Inna ce ta ɗauki ba shi tsabar, a daidai lokacin da Baba ke ba shi, wani sa'in har magana take yi masa.

"Zakaran Liman?" in ji Alhaji. "A'a. Bar shi."

"Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa dafa Kirsimeti ba yankanka ba," in ji Inna. "Ba zan fara bana ba."

Ni na kamo shi, bayan ya zaga da ni rijiya ya ƙara mini wani saran. Na tsuguna a inda Baba ke tsugunawa, na juya shi gabas, na haɗe fikafikai da ƙafafu na riƙe. Alhaji ya warware tsumma, ya kama kan zakaran, ya kawo wuƙa kusa. Sai ya dakata. Na ɗauka numfashi yake mayarwa. Bai ɗago ba ya ce:

"Liman, ka..."

Bai ƙarasa ba. Sai na danne ƙafafun zakaran da gwiwa, na zare hannuna na dama, gashin kaza a manne da yatsuna, na taɓa goshi, ƙirji, kafaɗu.

"Na gama, Baba Alhaji."

Ya yi bisimilla da muryar da ban san shi da ita ba, ya yanka. Ya wanke wuƙarsa, ya wanke fuskarsa ma, ya shige ba tare da ya kalli kowa ba.

Ranar Kirsimeti cocin rabinsa kujeru ne babu kowa. Waɗanda suka rage su ne marasa ƙauyen zuwa kusa: masu gadi 'yan Filato, 'yan Binuwai masu tura baro, tsofaffin da ba sa iya doguwar tafiya, sai mu. Fada, limamin cocinmu, ya kwantar da jaririn a komin dabbobi, a kan garin katako, muka durƙusa. Bayan Mas muka sauke tukunyar naman akuya a harabar coci, Inna ta tsaya da ludayi tana zuba wa kowa. An ci, an yi ta sa wa matan zumunta albarka, su suna can ƙauyukansu ba su sani ba. A nan haushina ya sauka.

Zakaran a tukunyarsa daban aka dafa shi. Inna ta yi ta yayyanka shi ƙanana don kowane kwano ya samu, wani ɗan tsoka, wani ƙashi da fata. Na ji kunyar ɗaukar kwanukan. Na kai ɗaki ɗaki, ina faɗa a kowace ƙofa cewa yankan Alhaji ne. Aka karɓa. Sai zaman jira, Inna a bakin ƙofa, jakunkunan buhu a ɗaure a bayanta.

Bayan la'asar kwanuka suka fara dawowa, wannan da dabino, wancan da sabulu. Na Alhaji ne bai dawo ba har rana ta yi sanyi. Idon Inna yana kan ƙofar sashensa.

Da kansa ya kawo. Ya yi sallama, ya ajiye kwanon a gabanta cike da albasa.

"Amarya, wannan zakara ya kusa ƙarasa mini haƙoran da suka rage. Taurin kan mai shi ya ɗauko." Ya juya zai tafi, sai ya nuna turken bakin rijiya da sandarsa. "Baɗi ki ce musu su kawo ta da ranta."

Inna ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta rufe fuska da mayafi. Da ta natsu ta tashi ta shiga ɗaki. Ina tsaye da kwanon albasa a hannu na ji tana kwance igiyar jakar farko.