Fatun Da Suka Kai Baffa Katsina

Duk ranar da na ratsa kasuwa warin bagaruwa ya doki hancina, sai ƙafata ta ƙi gaba. Kai wataƙila ka toshe hanci. Ni kuwa a cikinsa aka haife ni, a unguwar majema ta Matameye, tun Nasara bai taka ƙasar Damagaram ba.

Makarantarmu rumfar kara ce a gindin tsamiya. Malaminmu tsoho ne, ido ya fara barinsa, karatunsa kuma yana nan inda ya aje shi tun yana saurayi. Akwai manyan malamai a cikin gari, amma in ɗan majemi ya je, sai ƴaƴan fatake su matsa gefe suna yatsina. Yawancinmu da cikin wofi muke zuwa. Ni kuma ga in'ina. Harafi ya maƙale mini a wuya, bulala ta sauka, ya ƙara maƙalewa. Har na zama yaron da ba ya zama wuri ɗaya. Da an kau da ido na tsere bakin tabki.

Wata safiya babana ya ce wa kakata, "Inna, yaron nan ba na karatu ba ne. Ya zo ya kama jima."

Ta ce, "Yaron ka auna. Malamin fa, wa ya auna shi?"

Ranar nan ta yafa zane ta shiga gida-gida. Abin da take nema shi ne kowane gida ya ba da jar fata, a haɗa a tura Baffa, ƙanen babana, Katsina. Shi kaɗai ya sauke a unguwarmu, kuma an ce akwai wani malami can da ya san yadda ake koyar da yara. Shekarar gero bai yi ba, fata kuwa ita ce tuwon gida. Wasu suka ba da, wasu suka ce sai an shawarta. Wata gwauruwa ba ta da ko akuya, ta kawo daddawa a ƙulle a ganye.

Babana ya ce, "In ya tafi, wa zai kama mini noma?"

"Ni," in ji kakata. Aka yi dariya. Da ruwa ya sauka, ita ta riga kowa zuwa gona.

Baffa ya bi ayarin fatake, shiru. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Aka ce ya yi aure a can. Aka ce an gan shi a Kurni yana dillanci. Waɗanda suka ba da fata suka fara gaida kakata a tsaitsaye. Ni an sa ni jima, hannuwana suka rine, amma da na ji kukan jakunan ayari sai in yar da komai in ruga hanya. Ita kuwa zama ya gagare ta. Sai ta tashi ta share tsakar gidan da ta riga ta share, ta leƙa zaure, ta dawo.

Ba ta ga dawowarsa ba. Ana cikin girbi Allah ya karɓi abarsa, ana gama ɗaure damma sai ga Baffa, a rame, da gafaka guda a kafaɗa. Wani dattijo ya dube shi ya ce, "Iyakar fatunmu ke nan?"

Baffa ya wuce shi. Ya yi kukansa a kan kabarin uwarsa, sannan ya je ya durƙusa gaban tsohon malaminmu, ya roƙe shi ya bar masa ƙanana. Ya roƙi matan unguwa su riƙa dama kunu bi da bi, ya ce ba mai ɗaukar allo sai ya sha. Bulala kuma ya soke ta a rufin rumfa, har gara ta cinye ta.

Ni ban koma ba, tsoro nake ji. Sai shi ya same ni a wurin jima, ya tsuguna a cikin ƙazantar nan da farar rigarsa.

"Ɗana, kada ka faɗe shi. Rera shi, kamar yadda na ji kana yi wa awaki waƙa."

Na rera. Ayar ta fita sumul tun daga farko har ƙarshe, ni kaina na tsorata. Babana yana tsaye da wuƙar kankare fata a hannu. Ya juya mana baya, ya daɗe bai juyo ba.

Yanzu zamani ya sake. An gina lakwal, makarantar boko, a gari, an turo malami daga nesa, mushe ake ce masa, saurayi, ko Hausa ba ta zauna masa a baki ba. Gwamnati ce ta koyar da shi, ba mu ba, don haka ba mai tambayar me ya iya, ba mai tambayar me ya rasa. Ina ganin yaran unguwarmu suna sulalewa ta bayan danga tun hantsi, ina jin muryarsa tana dushewa a cikin aji. Mutane sun ce ba ruwanmu, malamin Nasara ne. Na yi ta juyi a kan tabarma, na kasa yarda. Ɗazu na ce wa surukata ta dama fura mai kyau. Ƙafata ba ta da ƙarfi, amma za ta kai ni ƙofar mushen, in ji me ya rasa.