Baba Bargo, Mai Ƙara wa Kwamfuta Gudu

Kullum da safe, kafin ya taɓa kwamfutar kowa, sai ya goge teburinsa, ya jera sukuddirebobinsa, ya kakkaɓe wani tsohon bargo mai ruwan toka ya ninke. Bargon nan ne ya sa duk layin masu gyara suke ce masa Baba Bargo. Ƙarshen watan nan zai rufe shago, ido ya gaji, hannu ya fara rawa. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani da idona.

Gwanintarsa ita ce ƙara wa ram gudu. Ram shi ne ɗan allon da kwamfuta take baza aikin da ke hannunta a kai, kuma tun daga kamfani ake yanka masa saurin da zai riƙa tafiya. Ana iya ɗaga saurin, amma in aka zarce sai ya ɗau zafi ya fara kuskure a ɓoye. Ɗagawa kam kowa a layin ya iya. Baba ne kaɗai in ya ɗaga yake lulluɓe kwamfutar da bargo, ya bar ta tana aiki.

"Baba, zazzaɓi take yi ne?" in ji maƙwabta.

"Shagona da fanka, ɗakin mai ita babu," in ji shi. "A can za ta zauna, ba a nan ba."

Ƙanwata zanen gine-gine ta karanta, ta sha yawon neman aiki har ta gaji. Daga ƙarshe wani kamfani ya ba ta gwaji: ta haɗa bidiyon wani gini ta kai Litinin da safe, in ba haka ba a ba wani gurbin. Tsohuwar kwamfutarta kuwa ta nuna ba za ta gama ba sai Talata. Ranar Asabar muka kinkime ta sai shagon Baba, ƙanwata idonta ya yi jawur.

Bai yi mata alkawarin komai ba. Ya ɗaga saurin kaɗan, ya lulluɓe, ya sa manhajar gwaji, ya zauna. Ya ƙara, ya sake lulluɓewa. Haka muka wuni muna kallon bargo. Can da la'asar jan rubutu ya fito a fuskar kwamfutar, alamar kuskure. Nan take ya rage saurin.

Ƙanwata ta miƙe tsaye. "Haba Baba, don Allah ka bar ta a can! Ai ba ta mutu ba."

"'Yata, da mutuwa ta yi ai da sauƙi, kin san ki sake. Wannan gamawa za ta yi, ki kai musu da murnarki, su buɗe su ga bango ya tsage, taga ta ɓace."

Wallahi har kuka ta yi masa, bai ƙara ko ɗis ba. Muka dawo gida da kwamfutar, ƙanwata ta sa ta fara haɗa bidiyon.

Litinin da safe ta shirya tsaf, takalmi a ƙafa, tana tsaye a kan kwamfutar, sannan aikin ya kammala. Ta kai a guje. Aka buɗe a gabanta, gini ya fito garau. Aikin da take yi ke nan har yau.

Da ta je yi masa albishir, cewa ya yi, "Alhamdu lillahi. To kawo kwamfutar in mayar da ita kan saurinta na asali. Ta yi abin da aka roƙe ta."

Baba, kai ne ka yarda a fita shagonka ana jin haushinka, don kada a ji kunya a gaban mutane. Mun gode, Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka huta cikin rufin asiri.

Ku kuma da za ku ci gaba da riƙe layin, wata rana wani zai tsaya a gabanku da hawaye yana roƙon ku ƙara. Ku gwada tukuna, in ba za ta ɗauka ba, ku iya cewa a'a.