Masinja da Ƙofofi Uku

A unguwarsu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Masinja ake ce masa tun yana saurayi mai keke, Masinja ake ce masa bayan ya ajiye aiki kansa ya yi fari fat, kuma bai taɓa jin haushi ba, don a ganinsa ba aikin da ya kai isar da saƙo inda aka aike shi. Siririn mutum ne, mai goge ko rigar barci, mai ƙwanƙwasa ƙofa ko da a buɗe take. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat a duniya, shi ne yadda matarsa ke addu'a. Ya tabbata a ransa tana saɓa wa na sama ba ta sani ba, kuma in ba shi ba, ba mai gyara mata.

Sai an san inda ya yi aiki kafin a gane wannan damuwa. Kamfanin sayar da kayan gini ne na wasu 'yan'uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya: Babban Oga, Oga na Tsakiya da Ƙaramin Oga. Ofisoshinsu a jere suke a saman bene, ƙasa kuwa sito ne cike da buhunan siminti da rodi. Bencin Masinja yana ƙarƙashin matakala, kusa da butar shayi, inda ƙararrawar kowane ofis ke iske shi. Duk taron ma'aikata sai Babban Oga ya dafa kafaɗun ƙannensa ya ce, "Mu ukun nan abu ɗaya ne. Wanda ya faɗa wa ɗayanmu ya faɗa wa dukanmu." Ma'aikata su yi tafi, su koma bakin aiki.

Masinja yana sabon shiga, sai ya ɗauki maganar da gaske. Ranar da matarsa ta fara naƙudar fari, ya hau sama ya nemi izini wurin Babban Oga, aka ce masa ya je, Allah ya sauke ta lafiya. Yana tura kekensa a bakin get sai Ƙaramin Oga ya leƙo ta taga.

"Kai, ina zuwa?"

"Asibiti, yallaɓai. Na faɗa wa Babban Oga."

"Ni kuma fa? Hoton bango ne ni?"

Nan take ya aike shi tasha jiran wasu kaya da ba su iso ba sai washegari. Ko da Masinja ya isa asibiti, an yi wa jaririyar wanka, an sa mata riga, maƙwabta duk sun riga shi ganinta. Daga ranar ya kama ƙa'idarsa. Ko ƙwan fitila ne ya mutu a sito, sai ya bi ƙofa uku ya faɗa, da kalmomi iri ɗaya, kada wani ya ce an rage masa. Ya kuma lura cewa na ƙarshe a jeri shi ya fi kowa kunnen jin an raina shi.

Wannan ilimi ya kwasa ya tafi da shi coci. Duk Lahadi yana jin ana cewa da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki, Allah ɗaya. Bai taɓa musu ba, mutum ne mai bangaskiya. Ya dai yi lissafinsa shiru, ya ga uku ne, kuma an ce ɗaya ne, ya kuma san ya taɓa jin irin wannan a wani wuri. Saboda haka in zai yi addu'a sai ya fara da Uba, ya gabatar da kansa, ya zayyana buƙatarsa tsaf. Ya gama, ya ɗan gyara murya, ya ce, "Ya Yesu, kamar yadda na shaida wa Uba yanzu," ya maimaita daga farko. Sannan ya juya ga Ruhu Mai Tsarki, wanda yake ƙara wa ladabi saboda shi ake ambata a ƙarshe. Ko addu'ar cin abinci haka yake yinta, shi ya sa a gidansa ba a san abinci mai zafi ba. Yaran sun girma suna zaton haka miya take, da ɗan kitse a daskare a sama.

Matar kuwa ba ruwanta. Ɗinki take yi a falo, keken ɗinkinta na jikin taga, kuma addu'arta ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Tana zura zare ta ce, "Yesu, ka ga yaron nan har yanzu bai dawo ba." Tana wanke kwanuka ta ce, "Yesu, wannan gwiwar tawa dai, ka san da ita." Ba durƙuso, ba gabatarwa, kamar mai magana da maƙwabciya ta kan katanga. Uba da Ruhu Mai Tsarki kuwa sai a coci take ambatarsu, shi ma don tana bin bakin jama'a.

Tun yaran suna ƙanana ya yi mata magana. Ta dube shi ta ce, "Baban yara, shi na saba da shi." Ya sake gwadawa, ta ce in ya gama wa'azin ya miƙo mata almakashi. Da ya ga ba za ta gyaru ba, kuma yana ƙaunarta ƙauna mai tsanani wadda bai iya faɗa da baki ba, sai ya ɗauki aikin a kansa. Duk abin da ya ji ta faɗa wa Yesu a yini, sai ya riƙe shi a ka. Da yamma ya shiga ɗaki ya tura ƙofa ya durƙusa: "Ya Uba, matata ta yi maganar gwiwarta ɗazu. Ba raini ba ne ya sa ba ta zo wurinka ba, haka halinta yake." Sannan ya kai wa Ruhu Mai Tsarki irin wannan bayani, da ban haƙuri. Haka ya yi ta yi har yaran suka yi aure suka watse.

'Yarsu ta fari, wadda ta zama nas, ita ta kai ƙararsa wurin fasto, bayan wata addu'ar cin abinci da ta sa jikoki biyu barci a kan tebur. Faston matashi ne mai haƙuri. Ya zo gidan, ya zauna a kujerar baƙi, ya yi bayani dalla-dalla.

"Baba, ba alloli uku ba ne, ba kuma ofis uku ba. Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Allah ne, amma Allah ɗaya ne, nufinsu ɗaya. Yesu ya koya mana mu ce Ubanmu, shi ya sa muka saba roƙon Uba cikin sunan Ɗa. Amma wanda ya kira Yesu bai tsallake kowa ba. Ba hassada a tsakaninsu. Wanda ya faɗa wa ɗaya ya faɗa wa duka."

Masinja ya gyaɗa kai a hankali. "Haka ne, Fasto. Haka ma ake cewa a wurin aikinmu."

Fasto ya sha ruwa, ya sake shiri. "Baba, Ruhu Mai Tsarki fa ba a can nesa yake zaune yana jiran a zo gaishe shi ba. Yana tare da kai. Shi ke taimakonka ka yi addu'ar, in ka rasa abin faɗa ma shi ke kai nishinka gaban Uba."

Masinja ya ɗago kai. "Shi ke kaiwa?"

"Shi ke kaiwa."

"Ashe ɗan'uwana ne a sana'a," in ji Masinja, idonsa ya ciko da ƙwalla. "Kuma na san ba mai ce masa sannu."

Fasto ya tafi yana ganin ya yi nasara. Daga ranar kason Ruhu Mai Tsarki ya ninka, don yanzu har da sannu da aiki, da tambayar ya gajiya.

Ƙurar simintin da ya shaƙa a ƙarƙashin matakala ba ta manta da shi ba. Da tsufa ya kama shi sosai sai ta taso masa a ƙirji. Tari ya fara, sannan numfashi ya riƙa gajarta, har ya zama in ya gama da Uba sai ya huta kafin ya shiga wurin Ɗa. Aka kwantar da shi a asibitin da 'yarsa ke aiki, a gadon da ke jikin taga, da robar iska a hanci. Likita ya yi magana da 'yar a waje, ta dawo tana ta gyara bargon da ba abin da ya same shi. Masinja ya gane. Mutuwar ba ta ba shi tsoro ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne matar nan da zai bari tana ta magana da mutum ɗaya, ba mai bi mata sauran ƙofofin.

Wata safiya bayan an gama zagayen likitoci, ya yafito matarsa da hannu. Ta jawo kujerar roba ta zauna. Da kyar, yana yi yana tsayawa, ya faɗa mata abin da yake yi mata a ɗaki duk yamma tun yaransu suna ƙanana.

"Na sani," in ji ta. "Ƙofar ɗakin nan ba ta rufuwa sosai."



"Har da maganar gwiwa," ta ce. "Na ji daɗi. Shi ya sa ban hana ka ba."

"To yanzu ba ni. Ki yi mini alkawari za ki riƙa bi da kanki. Uba tukuna. Gwada in ji."

Ba ta yi gardama ba. Ta dafa ƙarfen gado ta sauka a kan gwiwar nan mai ciwo, ta haɗa hannu yadda ta ga yana yi. "Ya Uba," ta ce, da muryar mai magana da babban baƙo. "Ni ce matar Masinja. Na zo ne a kan maganar mijina." Ta tsaya. Ta sake cewa, "A kan maganar mijina." Sai ta kifa goshi a kan bargo. "Yesu, kana ganinsa fa. Yesu, kada ka yi mini haka. Da wa zan zauna?"

Masinja ya saurara har ta gama. A iya saninsa ba a taɓa karya ƙa'ida irin wannan ba, an fara da ofis ɗaya an ƙare a wani, na ukun ko a ambace shi. Ya nemi abin gyarawa a ciki, ya rasa. Tausayinta ya kama shi har ya fi ciwon ƙirjin. Ya miƙa hannu ya dafa ɗankwalinta.

"Bari, Maman yara. Tashi, gwiwarki." Ya ja numfashi. "Ki ci gaba yadda kika saba. Ai can za ni. Zan yi musu bayaninki da bakina, gaba ɗaya, a gama."

Ta ɗago tana share fuska da gefen zane.

"In kuma na tarar yadda Fasto ya faɗa ne," ya ce, "to, tafiyar ta zo da sauƙi. Ƙofa ɗaya ce."

Ta koma kan kujera ta riƙe hannunsa da hannu biyu. "To na ji," ta ce. "Amma saƙon nan ba na gaggawa ba ne. Ka ji ko? Ba sauri ake ba."

Ya ce ya ji. Amma shi mutum ne da bai iya riƙe saƙo a hannu yana zaune ba. Kafin a kawo abincin rana ya tafi.