Ranar da Na Yanka wa Kogi Lokaci

Har gobe ban manta da ranar da aka ɗaure ni a bakin kogin Haɗeja ba, a tsakiyar daminar shekara ta uku da ɓarkewar basasar 'ya'yan sarki. Ku da kuka gaji gorar gwaji cikin zaman lafiya, ku saurara.

Rundunarmu ita ke tsaron fadama daga wajen Miga har gabas da garin Haɗeja. Shugabanta na farko zazzaɓi ya kashe shi. Na biyu ya tsallaka da rabin mutanenmu ya bi abokan gaba. Na uku shi ne Jarma, mutumin tudu, wanda ya zo yana ganin kowane masunci munafuki ne. Ban ga laifinsa ba, don mu masunta babu gidanmu da ba shi da ɗan'uwa a tsallake. A ƙarƙashin Jarma akwai Sarkin Ruwa, Baba Bukar, mai kula da jirage da mashigai, sannan mu masu gwaji.

Aikinmu ba wuya a faɗe shi. Kafin runduna ta ƙetare, mai gwaji zai shiga ruwa da gora. In mashigi ya yi, ya kafa ta a tsaye gaban shugaba. In bai yi ba, ya kwantar da ita, kuma ba mai tsallake ta.

Ran nan runduna za ta ƙetare, da hantsi na shiga. Ruwa iya cinya ne, amma ya yi ja, ga kumfa da karan gero suna tahowa daga yamma. An yi ruwa mai yawa a can ke nan, yana bisa hanya. In mutum ya ƙetare, ba zai dawo ba. Na fito na kwantar da gora.

Jarma ya dube ni ya ce, "Ina ƙanenka yake?"

Na ce, "Yana tsallake, ranka ya daɗe."

"To, shi kake saya wa kwana."

Nan tsoro ya sa bakina ya riga hankalina. Na ce a kafa turke a kan tudun yashi a ɗaure ni, in ruwa bai kai gwiwata kafin la'asar ba, a sare kaina. Baba Bukar ya dafe kai. Da ana ɗaure ni ya matso ya ce a hankali, "Kai yaro, kogi baranka ne da za ka sa masa lokaci?"

Azahar ta yi, ruwa na lasar yatsuna. Inuwa ta karkata, ruwa na idon sawu. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Wanda zai sare ni na zaune yana cin goro, kuma abokin wasana ne. Da inuwa ta kai ta la'asar, ruwa bai wuce tsakiyar ƙwaurina ba.

Limamin runduna ya miƙe zai sa a kira salla. Jarma, wanda ya daɗe yana kallon yashin yana nitsewa, ya ce, "Malam, ni ban ga la'asar ta yi ba tukuna."

Kowa ya san ta yi. Liman ya dubi rana, ya dube ni, ya koma ya zauna. Haka aka yi ta jira har rana ta yi ja, ruwa ya rufe gwiwata. Sannan Jarma ya ce a kwance ni, a yi salla. Kafin gari ya waye, mashigin ya fi ƙarfin mutum a kan doki.

Bai taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Amma daga ranar bai sake tambayar mai gwaji inda danginsa suke ba.

Don haka in kun kwantar da gora, ku faɗi abin da kuka gani, ku ja bakinku. Na san ruwa zai zo, amma ban san sa'arsa ba, na kuwa ɗora wuyana a kan abin da ban sani ba. Ba kowane shugaba ne zai jinkirta salla don talaka ya rayu ba.