Watan da Ban Yi Fashin Salla Ba

'Yan biyuna ba su fara tafiya ba lokacin da abin ya faru. Da tiyata aka ciro su, kuma ranar da za a sallame mu daga asibiti, nas ɗin da ta kula da ni ta tsayar da mijina a bakin gado ta ce, "Malam, matarka tana bukatar hutu. Kada ta sake ɗaukar ciki sai yaran nan sun yi ƙwari." Ya dafa ƙirji ya ce a bar masa komai a hannunsa. Ni da ke kwance da ɗinki a mara ba ni da ƙarfin gardama, sai na yarda.

Mijina malamin gona ne. Aikinsa ya hau babur ya tafi garuruwan Ribah da Dirin Daji yana koya wa manoma yadda ake ba shuka tazara. Da aka zo tazarar haihuwa a gidansa, allura ya ce ya ji tana sa ƙiba, ƙwaya kuma ya ce zan riƙa mantawa. Shi da ba ya mantuwa, shi zai riƙa amfani da kwaroron roba. Sai dai gwanin nawa yana kunyar a ga abin a ɗaki, don mahaifiyarsa takan zo daga Dabai ta yi mana kwanaki, kuma Inna ba ta taɓa ganin akwati ta bar shi a rufe ba. Saboda haka ya samo ma'ajiya mai aminci: ƙarƙashin sirdin babur, tare da sufana da tsumman baƙin mai. A can robar ta yi bazara guda, tana zuwa Ribah tana dawowa cikin rana kamar ita ma an ɗauke ta aiki.

Wata safiya ina dama wa yara koko ya zo ya tsaya a bakin madafa yana sosa ƙeya.

"Maman Biyu, akwai 'yar magana."

"Ina ji."

"Abin nan ne ya ɗan samu matsala. Robar. Ta ɗan yage."

"Yaushe?"

"Makon jiya. Amma kaɗan ne."

Na ajiye ludayi na dube shi. Ya ce bai faɗa da wuri ba ne don kada hankalina ya tashi. Na ce Allah ya saka da alheri, ga shi kuwa hankalina ya kwanta ƙwarai.

Lokacin al'adata ya zo ya wuce, shiru. Kullum da safe sai na duba, kamar mai jiran motar da ta riga ta tashi. Ƙamshin daddawa ya fara damuna, ko kuma ni na fara damun kaina da shi, ban sani ba. In na ɗauki yaro ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa, sai na riƙa neman inda zan sa na uku. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne tsoron ɗakin tiyata, da fitilar nan da ke saman kai. Maƙwabciyata, matar soja, ta ce in jiƙa kanwa mai yawa in sha, wai haka ƙanwarta ta yi. Ƙanwar nan na san ta, 'ya'yanta sun cika benci guda a coci. Na yi godiya na koma gida.

Ana cikin haka Inna ta iso da buhun dawa da idanunta. Ba ta yi dogon zama ba ta gano abin da likita zai bukaci na'ura kafin ya faɗa. Ina naɗe dardumar la'asar ta ce, "Ɗiyata, tun da na zo ban ga kin aje salla ba. Wancan zuwan kuwa warhaka kina fashi."

Ashe har lissafina tana riƙe da shi a Dabai.

"Kwanika za ki yi muna ke nan? Ciki a kan goyo, goyon ma na biyu? Mace ita ka tsare kanta, ɗiyata." Ta ce nonona ya riga ya lalace, zai sa yaran zawo, don haka a yaye su ta tafi da su Dabai.

Na waiwaya wajen ɗanta, wanda ya dafa ƙirji a asibiti. Yana tsakar gida yana goge babur da natsuwar da ban taɓa ganin ya yi salla da ita ba. Na ce, "Inna, yaran nan ba inda za su sai an gwada an gani." Ranar ce na fara mayar mata da magana.

Na aike shi kemis ya sayo abin gwajin ciki. Ya dawo da burodi da maganin ciwon kai, wai ya tarar da wani ɗalibinsa a shagon. Na saka hijabi na tafi da kaina. Mai shagon mutumin kudu ne, ya daɗe a nan Zuru, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, sai dai bai san ana rage murya ba. Na raɗa masa abin da nake so.

"Na ciki, Madam? Kai, Maman Biyu, kuna ƙoƙari! Ki gaida Oga!"

Duk wanda ke shagon ya juyo ya taya shi duban ƙoƙarina.

Washegari na gwada, layi ɗaya ya fito, wato babu. Ban yarda ba. Na tasa mijina gaba sai asibiti, muka sami nas ɗin nan. Ta sake gwadawa ta ce babu ciki. Ta ce mai shayarwa al'adarta takan yi wasa, fargaba kuma tana ƙara jinkirta ta, sannan ko da cikin ne ba a yaye yaro don shi sai da dalili. Ta ce akwai ƙwayar gaggawa da ake sha cikin 'yan kwanakin farko in roba ta yage, da mun zo da wuri da ba mu sha wannan zullumin ba. Sai ta juya ga mijina.

"Malam, ina kake ajiye robar?"

Ya faɗa mata. Ta cire tabarau ta dube shi, ta ce zafi yana cinye roba, kuma ita ba ta taɓa jin wanda ya gasa tasa da gangan ba sai yau. Na miƙa mata hannuna na ce ta sa mini ashana, ɗan siririn abin tazarar nan da ake sawa ƙarƙashin fata. Mijina ya buɗe baki zai kawo shawara, na ce masa ya huta, ya yi ƙoƙari.

A hanyar gida ina bayan babur na yi kuka, ban san ko na murna ba ne ko na gajiya. Ya ji ni, ya rage gudu, ya ce, "Ki yi haƙuri, Maman Biyu, ni na jawo."

Baƙon wata, wato al'adata, ya iso bayan 'yan kwanaki. Aka kira azahar Inna ta ga ban tashi ba. Matar da ta yi mini faɗan kwanika sai ga ta ta ɓata rai, ta ce, "To, Allah bai yi ba." Ashe tuni ta aika Dabai cewa jika na tafe. Har damina ta faɗi, in na shiga kasuwa sai matan Dabai su tare ni suna yi mini sannu da nauyi, suna duban cikina suna cewa wannan karon ya ɓoye. Na gaji da bayani, sai in ce musu amin, in sayi tattasaina in wuce.