Ranar da na tace ruwa da rawanin Baba

Wani lokaci in na buɗe famfo a gidana na Arlit, ruwa ya zubo fari tas, sai randar Inna ta faɗo mini a rai, in kama dariya ni kaɗai. Zamanin da nake faɗi Arlit ɗin ma babu ita, fili ne fetal sai barewa. Nasara ke mulki, mu kuwa muna wani ƙauyen garka a gindin duwatsun Abzin, inda sa ke jan guga daga rijiya a shayar da alkama da dabino.

Da gumiyen kumandan, wato dogaran Nasara, suka zo ɗibar yaran lakwal, makarantar boko ke nan, gidaje da yawa sun ɓoye nasu a kwazazzabai. Baba bai ɓoye ni ba, amma ya kafa sharaɗi. Ranar da karatun Nasara ya taɓa mini salla, ko ya kawo ɓarna gida, zai tura ni daji wurin gwaggo kiwon awaki, inda ko gumiye ba ya kaiwa.

Ni kuwa wayyo, son lakwal ya kama ni! Ƙamshin alli ma daɗi yake mini. Malaminmu, wanda muke kira Mushe, wani dogon Badamagare ne, ba ya fara darasi sai ya ce, "Porogaram ta ce yau kaza za mu yi." Da haka muka gane akwai wani tsari da aka yi can nesa, shi ke faɗin abin da za a koya mana, da wanda zai riga wani.

Wata safiya tsarin ya kawo mu kan tsabtar ruwa. Mushe ya ɗebo ruwan rijiya, ya ɗaure ƙyalle a bakin kwano, ya tsiyaya. Da ya kwance ƙyallen muka yi ca a kai. Ga laka, ga gashin shanu, ga wasu ƴan mitsi-mitsi suna motsi! Ashe abin da muke sha ke nan? Ya ce, "Kowa in ya je gida ya nemi ƙyallen da ya fi kowanne tsabta, ya tace wa iyayensa ruwa."

Da gudu na iso gida, zuciyata na dukan tara-tara. Inna da Baba suna garka, Kaka na gyangyaɗi a inuwa. Ban sha wahalar tunani ba. A gidanmu babu abin da ya kai rawanin turkuɗin Baba tsabta. Ayari ya kawo shi daga Kano, yana naɗe cikin takarda a jakar fata, yana jiran Salla, ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Na san shuɗin rini na zuba, ai kowa ya sani. Amma mu a wurinmu shuɗin baba a fata ado ne, har ana cewa yana kare jiki daga rana. Ta yaya zan ɗauke shi datti?

Na shimfiɗa shi a bakin randa, na yi bisimilla, na juye salka. Sai na ƙara wata. Ina yi ina waƙa.

Kaka ce ta fara gani, da ta tashi ɗibar ruwan alwalar azahar. Ta dubi moɗa, ta dube ni da hannuwana shuɗi har gwiwa.

"La'ilaha illallahu! Ke ƴar lakwal, marina kika buɗe mana? Da wannan za mu yi alwala? Ruwan da launinsa ya juya?"

Nan na tuna sharaɗin nan. Salla da ɓarna, duka biyun da Baba ya ambata, na haɗa su a randa guda.

Da Baba ya dawo bai daka mini tsawa ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya ɗaga rawanin, ƙyallin nan mai ɗaukar ido ya tafi, ya koma kamar tsumma. Ya cika ƙwarya da ruwan, ya ce, "Uwata, wuce mu je." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kirana. Ina gaba ina hawaye, ina jin kukan awakin gwaggo a kunnena.

Ashe wurin Mushe muka nufa. Da Hausa suka yi maganar, don Mushe ba ya jin Tamajak, harshenmu. Baba ya ajiye ƙwarya a gabansa.

"Malam, ga karatunka na kawo maka. Bisimilla, sha."

Mushe ya leƙa, ya ji bayani, ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa. Da ƙyar ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Farin ƙyalle ake nufi. Ni ne ban faɗa ba."

"Wa ya ce ka koya musu wannan?"

"Tsari ne aka ba mu. Kamar ayarin Bilma ne, madugu ya san rijiyar da za a fara sauka da wadda ke biye. Ba ni da ikon tsallake ko ɗaya."

"Madugun naku ya taɓa zuwa Abzin?"

"Anya kuwa."

"Shi ya sa. Yana zaton ko'ina fari ake ajiyewa a jaka." Sai kuma ya ce, "Salla tana cikin tsarin?"

"Ba ta ciki. Wannan taku ce da malamin allo."

"To, ku bar mana ita inda take. Bayan wannan rijiyar, wace ce ke biye?"

Mushe ya ce wankin idon jarirai, don kada ƙuda su kawo ciwo, sannan awon fili. Na ga Baba ya gyara tsayuwa. Ƙanwata ta goye kullum idonta a manne yake da kwantsa, abin na ci masa rai.

A nan gaban Mushe ya kama gefen farin rawanin da ke kansa, ya ja, ƙeee, ya miƙo mini. "Ga ƙyallenki. Gobe ki dawo lakwal. Amma daga yau duk abin da madugunsu ya faɗa, ki biyo da shi ta wurina kafin ya kai randa."

Tsalle na yi har takalmina ya fita! Ko hawayen ban share ba.

Haka muka yi har na wuce kwaleji. Duk darasin da na ɗauko sai na zube shi gaban Baba da yamma, ya ce wannan ya shiga gida, wannan ya tsaya bakin ƙofa tukuna. Na wankin ido ya shiga tun ranar farko, shi da kansa ya riƙe mini kwanon ruwan.

Da Salla ta zo, da dusasshen rawanin nan ya je Idi. Abokansa suka yi ta tsokanarsa, wai ko ruwan sama ne ya tare shi a Abzin. Shi kuwa, Allah ya jiƙansa, sai ya ce musu a'a, rawaninsa ne ya shiga lakwal.