Dakta Ya Rako Ɗansa Tasha

A tashar Kankiya, Malama Rahamatu na jiran motar Kusada, idonta na kan wani dattijo mai tabarau a karan hanci. Daga wayar da yake yi ta gane malamin jami'a ne, da alama ya tsufa yana binciken yadda ɗalibi zai koyi Turanci da kansa.

"Mu daina yi wa ɗalibai ɗura, Farfesa," yake cewa.

Ɗansa kuwa, ƙato har da gemu, zai tafi karatu Zariya. Direba ya tambayi ɗan ina za shi, uban ya amsa. Shi ya zaɓar masa kujera, ya ɓare masa ayaba.

Motar Zariya na tashi, uban ya bi ta da sassarfa yana bubbuga gilashi: "Abdulrauf, kar ka sauka sai ka kira ni."